SHEKARAR 2012 A JIHAR TARABA: A DAINA LAƁEWA BAYAN ƘADDARA

Akwai wata magana da manyan Jihar Taraba suka riƙe kamar laya. Duk lokacin da aka taɓo zancen shekarar 2012, sai su girgiza kai, su ce ai shekarar ƙaddara ce, abin da Allah ya rubuta ba mai kankarewa. Da wannan kalma guda suke so a rufe littafin bom, da na ambaliya, da na tsige Mataimakin Gwamna, da na faɗuwar jirgin Gwamna, da na jinin da aka zubar a Ibi. To, ba mai jayayya da ikon Allah. Amma malamai a masallatai da limamai a coci-coci duk bakinsu ɗaya a kan cewa wanda ya saki akuyarsa cikin gonar maƙwabci ba ya kiran ɓarnar da ta yi ƙaddara. Wanda ya bi abubuwan da suka auku a wannan shekara ɗaya bayan ɗaya zai tarar da hannun ɗan Adam a cikin kowannensu, kuma mafi yawan hannuwan nan na masu riƙe da mulki ne.

Ran 27 ga Agusta, 1991, Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanki Taraba daga tsohuwar Jihar Gongola, ta mai da Jalingo babban birninta. Ƙasa ce ta duwatsu da koguna. A cikinta dutsen Chappal Waddi yake, wanda tsayinsa ya kai mita 2,419, babu wanda ya kai shi a duk Nijeriya. A cikinta tsaunin Mambila yake, inda ake noman ganyen shayi a Kakara, shanu kuma suna kiwo cikin sanyi da ɗanyar ciyawa. Kogin Binuwai ya ratsa ta, kogunan Taraba da Donga suna gangarowa daga duwatsu suna zuba a cikinsa. Jihar da Allah ya yi wa irin wannan baiwa, shekara 21 bayan kafa ta, ita ce aka wayi gari ba a san takamaiman mai mulkinta ba. Yadda aka kai ga haka shi ne abin da ake so talakawa su manta.

GARGAƊIN DA AKA YI WA KUNNEN ƘASHI

Ran Litinin 30 ga Afrilu, 2012, da safe, bom ya tashi a tsakiyar Jalingo, kusa da Ma'aikatar Kuɗi, daidai lokacin da ayarin Kwamishinan 'Yan Sanda Mamman Sale yake wucewa. Kwamishina ya tsira, amma mutum 11 suka rasa rayukansu, akasarinsu bayin Allah ne da suka fito neman abin sakawa a bakin salati. Alhakin wannan jini yana wuyan waɗanda suka ɗaura bom ɗin, wannan ba abin musu ba ne. Sai dai ga tambaya: bayan da ƙarar ta girgiza gari, me shugabannin jiha suka mai da hankali a kai?

Ba a ce abin ya zo ba zato ba. Tun cikin Janairu na shekarar aka yi kashe-kashe a Mubi da Yola, a maƙwabciyar Jihar Adamawa. Ran 20 ga wannan wata aka kai wa Kano harin da ya ci rayuka fiye da 150. Mai hankali in ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, shafa wa nasa ruwa yake yi. Abin da ya kamata shi ne Gwamna da Mataimakinsa da 'yan Majalisar Dokoki su haɗa kai, su tara sarakuna da malamai da shugabannin matasa daga ƙananan hukumomi 16, a toshe duk wata kafa da fitina za ta iya shigowa. Maimakon haka, watannin da suka biyo baya a ƙulle-ƙullen siyasa suka ƙare, ana auna wa zai gaji wa a 2015, alhali ba a fi shekara guda da rantsar da Gwamnati ba.

RUWAN DA AKA SAN DA ZUWANSA

Wajen ƙarshen Agusta hukumomin Kamaru suka buɗe ƙofofin madatsar ruwa ta Lagdo, wadda take kan kogin Binuwai, kudu da Garwa. Ruwan ya ratso Adamawa ya faɗo Taraba, ya haɗu da na kogunan da damina ta riga ta cika. Ƙauyukan bakin kogi a Karim Lamido, da Lau, da Ardo Kola, da Gassol, da Ibi, da Wukari suka nutse. Shinkafar fadama da masara da ake dab da girbewa suka tafi, rumbuna suka rushe, makarantun firamare suka koma sansanin 'yan gudun hijira. A ƙasa baki ɗaya, Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta ce mutum 363 suka mutu, fiye da miliyan 2 suka rasa matsuguni.

An ce ruwa daga Allah yake. Gaskiya ne. Amma madatsar Lagdo tun 1982 aka gama ta, kuma tun wancan zamani injiniyoyin Nijeriya suka tsara a gina wata madatsa a Dasin Hausa, cikin ƙaramar hukumar Fufore, domin ta tare ruwan da Kamaru za ta riƙa saki, ta ba da lantarki, ta kuma shayar da gonakin rani. Shekara 30 cif suka wuce, Gwamnatocin farar hula da na soja suka zo suka tafi, ruwan 2012 ya iso bai tarar da komai a gabansa ba. Hukumar hasashen yanayi ma ta yi gargaɗi tun farkon shekarar cewa damina za ta yi ƙarfi. Wane tudu aka keɓe wa mutanen bakin kogi? Jiragen ruwa nawa aka tanada? Buhun hatsi nawa aka ajiye a Mutum Biyu ko Lau kafin ruwa ya yanke hanya? A Jalingo kanta ba a rasa darasi ba, domin a 2005 ambaliya ta karya gadar Nukkai da mutane a kanta. Wanda ya ga wannan da idonsa ba shi da bakin cewa bai san halin ruwa ba.

Masu kare mahukunta sukan ce ko da an gina Dasin Hausa, ba za ta hana kogin Taraba da na Donga cika ba, tun da a ƙasa da ita suke shiga Binuwai. An ji. Amma wannan hujja kansu take komawa, domin waɗannan koguna a cikin jihar suke, kuma sanin lokacin cikarsu da kwashe jama'a daga bakinsu aikin Gwamnatin Jiha ne da ƙananan hukumomi, ba sai an jira Yawunde ko Abuja ba. Kuma ga shaida a cikin Taraba cewa rigakafi yana yiwuwa in an ga dama. Bayan da tafkin Nyos na Kamaru ya fitar da iska mai guba a 1986 ya hallaka mutum fiye da 1,700, masana suka yi gargaɗi cewa bangon tafkin zai iya ɓallewa ya turo ruwa ta kogin Katsina-Ala. Saboda haka aka gina madatsar Kashimbila a ƙaramar hukumar Takum. An daɗe ana jan ƙafa, amma an gina. Abin da ya yiwu a Kashimbila, me ya hana shi a Dasin Hausa?

Ran 9 ga Oktoba Shugaba Goodluck Jonathan ya ba da sanarwar naira biliyan 17.6 don agaji, aka sa Taraba a rukuni na biyu, mai naira miliyan 400. Manomin da ruwa ya share wa gona a Ibi yana da haƙƙin a karanta masa, ƙauye bayan ƙauye, inda kowace naira ta shiga. Wannan bashi ne a kan waɗanda suka karɓi kuɗin da sunansa, kuma bashi ba ya ruɓewa don ya daɗe.

MAJALISA TANA FARAUTA, JAMA'A SUNA CIKIN RUWA

A daidai makonnin da talakawa suke kwance a azuzuwan makaranta, sauro yana cin 'ya'yansu, me Majalisar Dokokin Jiha take yi a Jalingo? Tana shirin tsige Mataimakin Gwamna, Alhaji Sani Abubakar Danladi, wanda jama'a suka zaɓa tare da Gwamna Danbaba Suntai a 2007, suka sake zaɓensu a 2011. An zarge shi da yin amfani da muƙaminsa don amfanin kansa. Ba a ce kada a binciki mai muƙami ba, hasali ma wajibi ne. Amma Tsarin Mulki, a sashe na 188, ya shimfiɗa yadda ake yi: Babban Joji ya naɗa kwamitin mutum 7, a ba wanda ake zargi dama ya kare kansa, da bakinsa ko ta bakin lauyansa, kuma kwamitin yana da har wata 3 ya kammala aikinsa. Kwamitin Taraba cikin 'yan kwanaki ya naɗe tabarmarsa, kamar mai gudun kada ruwan sama ya tarar da shi. Ran Alhamis 4 ga Oktoba Majalisa ta tsige Danladi, ba tare da ɓata lokaci ba kuma aka rantsar da Alhaji Garba Umar, ɗan kasuwa, a gurbinsa.

Wace ƙaddara ce ta hana a saurari mutum? Wace ƙaddara ce ta sa 'yan Majalisa hannu a takarda? Ba sai an yi dogon musu ba, Kotun Ƙoli ta riga ta yanke magana. Ran 21 ga Nuwamba, 2014, ta soke tsigewar baki ɗaya, ta ce ba a ba Danladi damar kare kansa yadda doka ta tanada ba, ta umarta a mai da shi kujerarsa nan take. Kotu ba ta ce ya yi laifi ba, ba ta kuma ce bai yi ba. Abin da ta ce shi ne an yanke masa hukunci ba a ji ta bakinsa ba. Ma'anar wannan ita ce, a idon doka, kujerar Mataimakin Gwamna ba ta taɓa zama babu kowa a kanta ba, kuma duk abin da aka gina a kan waccan tsigewa a kan rairayi aka gina shi.

GWAMNA A KUJERAR MATUƘI

Kwana 21 bayan haka, ran Alhamis 25 ga Oktoba, jajibirin Babbar Salla, Gwamna Suntai ya tashi daga Jalingo zuwa Yola a wani ƙaramin jirgin sama samfurin Cessna 208, shi da kansa yake tuƙi, tare da wasu jami'an tsaronsa. Jirgin ya faɗi kafin ya kai filin saukar Yola. Allah ya sa ba wanda ya mutu a wurin, amma Gwamna ya sami mummunan rauni a kai. Aka kai shi Abuja, daga nan Jamus, daga nan Amurka.

Marigayi Suntai ya sha wuya ƙwarai har zuwa rasuwarsa ran 28 ga Yuni, 2017, kuma duk mai imani zai tausaya masa da iyalinsa. Amma tausayi ba ya hana faɗin gaskiya. Masanin harhaɗa magunguna ne, wanda ya koyi tuƙin jirgi a makarantar Zariya yana kan kujerar Gwamna. Rahoton hukumar binciken haɗarin jiragen sama ya nuna cewa takardar tuƙin da yake da ita ba ta kai ta irin wannan jirgi ba, kuma tafiyar ta kai bayan faɗuwar rana alhali da ganin ido aka dogara. Ran Gwamna ba nasa ne shi kaɗai ba, amanar miliyoyin mutane ce. Ina Kwamishinoni, ina masu ba da shawara, ina jami'an tsaro, ina hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama? A cikinsu duka an rasa mai ƙarfin halin da zai ce, ranka ya daɗe, a bar wa matuƙi aikinsa. Fadar da kowa a cikinta amshin shata yake yi, ranar da maigida ya nufi rami ba mai riƙe masa riga.

JIHA BA MAKIYAYI

Nan ne kurakuran biyu suka haɗu suka haifi na uku. Mutumin da jama'a suka zaɓa don irin wannan rana an riga an kore shi ba bisa ƙa'ida ba. Wanda ya rage shi ne Garba Umar, da bai cika wata guda a ofis ba, kuma ba a taɓa jefa masa ƙuri'a ko ɗaya a wannan muƙami ba. Cikin Nuwamba Majalisa ta mai da shi Muƙaddashin Gwamna. Masu gina ramin mugunta ba su yi shi gajere ba, sai ga shi jiha ɗungum ta auka ciki.

Nijeriya ba baƙuwar irin wannan matsala ba ce. A Nuwamba na 2009 aka fita da Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa zuwa Saudiyya ba tare da ya miƙa mulki ba, ƙasa ta yi ta lilo har 9 ga Fabrairu, 2010, lokacin da Majalisar Tarayya ta ɗora Jonathan a matsayin muƙaddashi. Saboda wannan aka gyara Tsarin Mulki, aka ce in Gwamna ya yi kwana 21 bai aiko da takarda ba, Majalisa ta ba Mataimakinsa riƙo. Sashe na 189 kuma tun asali ya tanadi abin yi in rashin lafiya ta hana Gwamna aiki: kashi biyu cikin uku na Majalisar Zartaswa su yanke shawara, Kakakin Majalisa ya naɗa likitoci 5, ɗaya daga cikinsu likitan Gwamnan ne, su duba shi su faɗi gaskiya. Hanya a share take. Amma sai a 2014 aka fara motsa wannan magana, ita ma ta maƙale a kotu, domin kowane ɓangare lissafin 2015 yake yi. Masu cin moriyar sunan Suntai ba sa so a ce ya gaza, masu cin moriyar riƙon ƙwarya kuma ba sa so riƙon ya ƙare.

Abin kunyar ya kai maƙura ran 25 ga Agusta, 2013, da aka dawo da Gwamna bayan wata 10, aka sauko da shi daga jirgi ana tallabe da shi, duniya tana kallo. Sai ga takarda a Majalisa da sunansa wai ya kama aiki, sai ga sanarwa wai ya rushe Majalisar Zartaswa. Kakaki Haruna Tsokwa da 'yan Majalisa suka je suka gan shi, 16 daga cikin 24 suka sa hannu cewa bai warke ba, Garba Umar ya ci gaba da riƙo. Aka wayi gari ma'aikacin Gwamnati a Jalingo bai san umarnin wa zai bi ba. Marar lafiya da ya kamata a bar shi ya yi jinya cikin mutunci, shi aka mai da tutar neman abinci. Haba jama'a! Wannan ma ƙaddara ce?

WANDA YA BIYA KUƊIN SABULU

In manya suna kokawa, ciyawa ce take shan tattaka. Ran Lahadi 18 ga Nuwamba, 2012, ƙasa da wata guda bayan faɗuwar jirgi, rikici ya ɓarke a Ibi, garin da bai gama tsane ruwan ambaliya ba. Gardama a kan shingen da aka kafa a hanya ta rikiɗe ta zama faɗan addini, aka kashe mutane, aka ƙona gidaje da wuraren ibada. Cikin Fabrairu na 2013 wutar ta tsallaka Wukari, daga saɓani a filin ƙwallo. Cikin Mayu ta sake tashi a can lokacin jana'izar wani basarake, 'yan sanda suka ƙirga gawa 39. Mutanen da suka yi shekara da shekaru suna cin kasuwa ɗaya, suna kamun kifi tare a bikin Nwonyo, suka koma kallon juna da gefen ido.

Ba a ce rigimar Gidan Gwamnati ce ta ƙirƙiri tsohuwar gaba ta ƙasar Wukari ba, domin an yi ta tun kafin 2012. Amma tsohon miki mai jinya yake bukata, kuma a lokacin babu shugaban da kowa ya yarda da halascinsa har zai tsawata a ji. Mafi muni, 'yan siyasa suka ɗauki rigimar kujera suka sa mata rigar addini da ta shiyya, suna raɗa wa wannan cewa za a ƙwace masa mulki, suna raɗa wa wancan cewa ana hana shi haƙƙinsa. 'Ya'yan masu raɗar suna makaranta a Abuja da ƙasashen waje. 'Ya'yan masu sauraro su ne aka binne.

ABIN DA YA WAJABA

Kiran 2012 shekarar ƙaddara wata dabara ce ta wanke hannu, kuma haɗarinta shi ne abin da ba a amsa laifinsa ba, ba a gyara shi. Ga shaida: a 2022 an sake sakin ruwan Lagdo, ambaliya ta ci rayuka fiye da 600 a Nijeriya, ta kuma sake bi ta kan ƙauyukan Binuwai da ta bi shekara 10 da suka wuce. A 2024 ruwa ya karya gadar Namnai a kan hanyar Jalingo zuwa Wukari, matafiya suka koma tsallaka kogi da kwalekwale. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.

Saboda haka wajibi ne wakilan Taraba da na Adamawa da na Binuwai a Majalisar Tarayya su haɗa murya a kan Dasin Hausa, kada su amince da kasafin kuɗin da ya tsallake ta. Wajibi ne duk kuɗin agajin da ya shigo jiha a buga lissafinsa a manna a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma, a kuma karanta shi a rediyo da Hausa da Fulatanci da Jukunanci da Mumuyanci. Wajibi ne a gyara sashe na 189, domin Kwamishinan da Gwamna ya naɗa ba zai taɓa ɗaga hannu ya ce maigidansa ya gaza ba. A sa wa'adi, in rashin lafiya ta wuce shi, likitoci su duba ko da Majalisar Zartaswa ba ta so. Wajibi ne kuma masu zaɓe su riƙe sunan duk ɗan Majalisar da ya mai da tsigewa abin ciniki, su tuna masa ranar da ya dawo neman ƙuri'a.

Duwatsun Mambila da kogin Binuwai ba su taɓa cin amanar mutanen Taraba ba. Suna nan inda Allah ya ajiye su, suna ba da ruwa da ciyawa da kifi a kan lokacinsu. Waɗanda suka ci amana a 2012 mutane ne masu suna da muƙami, da yawansu suna raye, wasunsu ma suna sake zagayowa da sabuwar hula. In sun zo da zancen ƙaddara, sai talaka ya tambaye su inda suke ran 4 ga Oktoba, da abin da suka sa wa hannu.